Gwaggona ta tsere wa 'yan bindiga, ina so in zana labarinta: ta ina zan fara?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a nan cikin Katsina, kuma tun ina firamare hannuna ya faɗa da zane. Shekara biyu ke nan gwaggona tana zaune gidanmu da 'ya'yanta huɗu, tun daren da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu ta wajen Batsari. Wani lokaci in an gama cin tuwon dare sai ta ɗauko labarin, ta yi ta faɗa har muryarta ta ɗauke. Ina so in zana abin da take faɗa don kada ya bi iska. Yayana ya ce wahalar banza ce, in ɗauke ta bidiyo da waya kawai, wai zane ba hujja ba ne tunda daga kaina zan ƙago shi. Wata ƙawata kuma ta ce zanen mutum haramun ne. Malam, zane yana da wani amfani a nan? In yana da shi, ta ina zan fara ba tare da na jawo wa gwaggo wani abu ba?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya jiƙan waɗanda aka rasa, ya mayar da gwaggo ɗakinta lafiya.

Tambaya uku kika ƙulla wuri ɗaya: ko zane zai iya riƙe gaskiya, ko addini ya yarda da shi, da kuma yadda za ki yi aikin ba ki cutar da mai labarin ba. Ta ƙarshen ta fi sauran nauyi, kuma a kanta zan fi daɗewa. Ni malamin zane ne, a Zariya na koya, kuma na yi shekaru ina zama da mutanen da aka koro daga yammacin jihar nan, suna faɗa ina zanawa. Da abin da hannuna ya taɓa zan amsa maki.

Ki dubi yadda labarin wannan masifa yake zuwa mana. Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa, Dandume, duk mun haddace sunayen saboda yawan ji a rediyo. Abin da duniya ta fi sani shi ne daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Da aka sako su bayan kwana shida, masu ɗaukar hoto na jiran su, shi ya sa wannan yake da hotuna. Amma harin da ake kai wa ƙaramin ƙauye a bakin dajin Rugu da ƙarfe biyun dare, wa ya ɗauka? Mai gudun ceton rai ba ya tsayawa ɗaga waya, ga duhu, ga shi sau da yawa wayar ce farkon abin da ake ƙwacewa. A watan Satumba na 2021 ma an rufe layukan waya gaba ɗaya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan. Abin da ke iso mana a WhatsApp da Facebook na washegari ne: gawawwaki jere bisa tabarma, rumbu yana hayaƙi. Abin da ya faru tsakanin ƙarar babur ta farko da kiran asalatu yana cikin kan gwaggo da ire-irenta, babu shi a ko'ina.

Wannan giɓin ne zane yake cikewa, kuma ba mu muka fara ba. Ranar 6 ga Agusta 1945 da Amurka ta jefa bam a Hiroshima ta ƙasar Japan, akwai mai ɗaukar hoto na jarida, Yoshito Matsushige, da ya fita da kyamararsa cikin garin. Hoto biyar kacal ya iya ɗauka, abin da ya gani ya fi ƙarfin zuciyarsa. Sai a 1974 wani tsoho ya kai wa gidan talabijin na NHK zanen da ya yi da hannunsa na abin da ya gani a bakin wata gada. Gidan talabijin ya yi shela, waɗanda suka tsira suka aiko da zane sama da 2,000. Yawancinsu ba su taɓa koyon zane ba, wasu hannun ma rawa yake don tsufa, da yawa sun rubuta wuri da lokaci a gefen takardar. Yau waɗannan takardu suna gidan tarihin garin, kuma da su ake sanin abubuwa da dama da kyamara ba ta kama ba. Tun kafin nan, mai zanen Sifaniya Goya ya yi zane 82 kan ta'asar yaƙin da ya biyo bayan shigar sojojin Napoliyon, sarkin Faransa, ƙasarsu a 1808, ba a buga su ba sai 1863, shekara 35 bayan mutuwarsa. A ƙasan ɗaya daga ciki ya rubuta cewa shi ya gani da idonsa. A gida Najeriya, Obiora Udechukwu ya zana 'yan gudun hijira da yunwar yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970.

Mu kanmu muna da hanyar adana yaƙi, ta waƙa da kirari. Su suka riƙe mana sunayen sarakuna da baraden da suka gwabza tsakanin Katsina da Maraɗi a ƙarni na 19. Amma da wuya ki ji a cikinsu abin da matar ƙauye ta gani ranar da dawaki suka shigo. Wannan karon bai kamata a sake barin ta a baya ba.

Maganar yayanki

Yana da gaskiya ta wani gefen. Muryar gwaggo da kalmominta sun fi duk abin da hannunki zai yi daraja, don haka in ta yarda ki naɗi muryar. Inda na saɓa da shi shi ne fuska. Bidiyo in ya bar wayarki ya bar hannunki har abada. Kin san yadda ake fama da infoma a ƙauyukan nan, kuma kin san da yawa daga waɗanda suka gudo mazansu na komawa noma da damina, wasu ma sai sun biya 'yan bindigar kafin a bar su su shiga gona. Fuskar da ta fito tana faɗin wanda ya yi kaza, akwai wanda zai biya bashinta can. Ga kuma matan da aka kai daji aka ci zarafinsu: wadda fuskarta ta yawata, ita da 'ya'yanta mata za su daɗe suna ɗauke da abin a bakin mutane. Zane yana iya ɓoye mai magana ya bar maganar a tsaye.

Batun hujja kuwa, a faɗi gaskiya, zanenki shi kaɗai ba zai ɗaure kowa a kotu ba. Amma ba shi ne ya zama banza ba. A 2005 ma'aikatan ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Human Rights Watch sun ba yaran yankin Darfur na Sudan da ke sansanonin Chadi takarda da fensir mai launi don su samu abin yi yayin da ake hira da iyayensu. Ba wanda ya ce su zana yaƙi, sai ga mahaya dawaki da raƙuma da bindigogi, ga jiragen sama suna sako bam, ga bukkoki na ci da wuta. A 2007 ƙungiyar Waging Peace ta tara irin wannan zane kimanin 500, aka miƙa wa Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya da ke birnin Hague, ta karɓa a matsayin abin da ke haskaka yanayin da aka yi ta'asar. A Kambodiya kuma akwai Vann Nath, ɗaya daga 'yan tsirarun da suka fita da rai daga kurkukun Tuol Sleng na gwamnatin Khmer Rouge. Ya zana azabar da aka yi a wurin, kuma a 2009 ya tsaya gaban kotu ya ba da shaida a shari'ar shugaban kurkukun. Abin da na ɗauka daga gare shi shi ne yadda ya rarrabe wa alƙalai abin da ya gani da idonsa da abin da wasu suka ba shi labari. Wannan rarrabewar ita ce amsar zargin da yayanki ya yi cewa daga kanki za ki ƙago.

Yadda nake yi

Bari in ba ki labarin zaman da ya sauya mani aiki. Wata baiwar Allah ce da ke zaune a wani kango a bayan gari, ba ƙofa, an rataya buhu a taga. Da matata muka je, don ba zan zauna da matar mutane ni kaɗai ba. Sau biyu muna zama tana ba ni labarin daren: ta ji babura, ta suri ɗanta na goye, ta bi ta ɓarakar danga ta faɗa gonar dawa. Na koma gida na zana mace tana gudu da goyo a baya, na sa farin wata a sama don a ga siffarta. Bayan mako na kai mata. Ta riƙe takardar ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗora yatsa a kan goyon ta ce, "Malam, ba nan yake ba." Ashe da ta fita dangar kwance shi ta yi ta juyo da shi ƙirjinta, don harbin ta baya yake zuwa, in harsashi zai samu wani ya fara samun ta. Kuma nono ta sa mashi a baki, ba don yunwa ba, don kada ya yi kuka a ji inda suke. Sai ta nuna sama ta ce in cire watan nan, daren duhu ne, hasken da ta gani na tocila ne kawai yana yawo a kan karan dawa.

A zama biyu ba ta faɗi ko ɗaya daga waɗannan ba. Ba ɓoyewa ta yi ba, a wurinta ba abin faɗa ba ne, abin da kowace uwa za ta yi ne. Kuskuren da ta gani a takarda shi ya fito da su. Ni kuma na gane goyon baya da farin watan nan daga kaina suka fito, daga abin da na saba gani da abin da ya fi mani sauƙin zanawa. Tun daga ranar ban ƙara ɗaukar zanen farko a matsayin aiki ba. Tambaya ce nake kai wa mai labari a takarda, gyaran da ya yi shi ne shaidar.

Saboda haka ki tanadi littafi biyu, ɗaya na magana ɗaya na zane, da fensir da biro. Ki rubuta kalmominta yadda suka fito daga bakinta, da Hausar ƙauyensu, kada ki gyara su zuwa Hausar makaranta. Ki sa kwanan watan zaman, ki ba ta wani suna da ba nata ba. A gefen kowane abu ki yi alama: wannan ta gani, wannan ta ji da kunnenta, wannan gaya mata aka yi daga baya. Tambayarki kada ta zo da amsa a goye. In kika ce "bindiga ce a hannunsu ko?" za ta ce e. Ki ce "me kika gani a hannunsu?" ki yi shiru ki jira. In ta ce ba ta tuna ba, ki bar wurin fari a takardar. In kin kai mata zanen ta gyara, kada ki sa magogi, ki yi gyaran da biro a kai ki adana, sannan ki sake sabo. Tsohon mai gyare-gyare shi ne zai nuna wa duk mai shakka hanyar da aka bi.

Za ki tarar babbar 'yarta ta tuna abin daban da yadda ita ta tuna. Wannan ba ƙarya ba ce, kowa inda ya ɓuya daban, kuma tsoro yana cakuɗa lokaci. Joe Sacco, ɗan jaridar da ke ba da rahoto da zane, ya bi tsofaffin Khan Yunis da Rafah a Gaza yana tattara abin da suka tuna na kisan da aka yi a 1956, ya fitar da aikin a 2009. Inda shaidu suka saɓa, sai ya nuna wa mai karatu saɓanin a fili. Ke ma ki yi haka, ki ajiye biyun gefe da gefe.

Abin da zai iya cutar da ita

Fara da izini, kuma ki lura da wani abu: wanda ke cin tuwon gidanku yana jin nauyin ce maki a'a. Gwaggo baƙuwa ce a hannun mahaifinki, tana iya amsawa don kara alhali ranta bai so ba. Ki bari ku kaɗaita, ki gaya mata in ba ta so ba komai, ba wanda zai ji. Kuma izinin hawa-hawa ne. Yarda ta ba ki labari daban, yarda ki zana daban, yarda wani ya gani daban. Ranar da ta ce a ɓoye ko a yaga, ki yi ba musu, ko da shi ne mafi kyawun abin da kika taɓa zanawa.

Na taɓa yin kuskuren da har yau nake tunawa. Na zana wani dattijo, na sauya mashi suna, amma na bar tsagen fuskarsa, na kuma zana kukar da ke jikin masallacin ƙauyensu yadda ya siffanta mani. Wani aboki ɗan yankin ya shigo ya ga takardar bisa teburina, nan take ya ambaci sunan ƙauyen, ya kuma ce ai ya san mutumin. Allah ya sa ba ta fita daga ɗakina ba. Sauya suna ba ya isa. Tsage, tabo, wushirya, irin zanin da mace ta saba ɗaurawa, bishiyar da kowa ya sani, yawan 'ya'ya, duk suna tona mutum. Kafin wani zane ya fita, ki nuna wa amintacce ɗaya da ya san yankin ki tambaye shi ko ya gane wa ke ciki. Ki kuma rubuta a fili cewa an sauya kamanni don kare mai labari, wannan shi zai raba ɓoyewa da ƙarya.

Sai maharan. Yawancin waɗanda na zauna da su abin da suka gani shi ne mutum biyu ko uku bisa babur, fuska rufe da rawani. In haka gwaggo ta gani, haka za ki zana. Kada hannunki ya ƙara masu malafa da sanda da kamannin wata ƙabila don haka ake faɗa a gari. Na zauna da Bafulatanar da 'yan sa-kai suka ƙone rugarsu bayan ɓarayi sun kore masu shanu, kukanta iri ɗaya ne da na matar kangon nan. Zanen da ya ɗora wa ƙabila guda fuskar ɗan bindiga, yaron da ya kawo nono ko tumaki kasuwa shi zai kwana a ciki. In kuma ta gane wani a cikinsu ta faɗi sunansa, wannan ba na takardar zane ba ne ko kaɗan.

Yaran kuwa, kada ki ce su zana maki harin. Ki ajiye masu takarda da fensir mai launi, abin da suka ga dama su yi. In babur da bindiga suka fito, ki ce "ba ni labarin wannan," ki rubuta a baya. In shanu da gida suka zana, shi ma labari ne.

Batun halal da haram

Ƙawarki ba daga iska ta ɗauko maganar ba. Akwai hadisai ingantattu masu tsoratarwa kan masu sura, kuma a Bukhari da Muslim an rawaito Ibn Abbas ya shawarci wani mai wannan sana'a da ya koma zana bishiyoyi da abin da ba shi da rai. Malamai sun yi saɓani kan iyakar hanin. Sanannen zance a mazhabar Malikiyya shi ne haramcin yana kan sura mai jiki da inuwa, cikakkiyar gaɓoɓi, irin gunki, wadda ke shimfiɗe a takarda ko ƙyalle kuwa ba ta kai haram ba. Wasu malaman sun hana duka. Ni ba mai ba da fatawa ba ne, ki kai tambayar ga malamin da gidanku ya amince da shi, ki gaya mashi manufar aikin. Ko da ya tsaurara, ƙofa ba ta rufe ba. Cikin abin da na zana, wanda ya fi sa mutane yin shiru babu mutum ko ɗaya a ciki: turaku shida ne a fili, igiyoyi a yanke, ba saniya ko ɗaya, a ƙasa kuma kalmomin mai shanun. Taswirar gida, rumbun da ya ƙone, hanyar da aka bi aka gudu, duk suna ɗaukar shaida.

Akwai inda aikinmu ya tsaya. Ke ba likita ba ce, ni ma haka. Faɗin labari yana sauƙaƙa wa wasu, yana fama wa wasu gyambo. In kin ga bayan zama gwaggo ta kasa barci, tana firgita, ko ta daina cin abinci, ki ajiye fensir, a kai ta asibiti a ga likitan da ke duba damuwa. Kada zama ya wuce abin da za ta iya, kuma kada ki tashi ki bar ta a tsakiyar daren harin, ki jawo hirar ta dawo yau kafin ku rabu. Ke ma abin zai bi ki har shimfiɗa, ki samu wanda kike faɗa wa, ki riƙa hutawa. Takardun ki ajiye su inda yara da baƙi ba sa kaiwa, muryar da kika naɗa kuma kada ta zauna a wayar da ake ara. Maganar bugawa ko sawa a intanet ki jinkirta ta, zanen da ya kwana shekara biyar a akwati bai lalace ba.

Kina da abin da ni ba ni da shi. Ni iyakata zaure ko tsakar kango da rakiya, ke kuwa har ƙuryar ɗaki, kuma ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Akwai abin da gwaggo ba za ta taɓa faɗa wa namiji ba.

Zaman farko kada ki taɓo daren harin sam. Ki shimfiɗa takarda a tabarma ki ce, "Gwaggo, nuna mani yadda gidanki yake." Ki ja layin danga, ki tambaye ta ta ina ƙofa take kallo, ina ɗakinta, ina murhu, rumbu nawa ne, a gindin wace bishiya randa take. Ki miƙa mata fensir ɗin in ta miƙo hannu. Za ki ga 'ya'yan sun matso suna gardamar inda akurkin kaji yake.